Kwana Biyu da Iyali a Neuschwanstein: Amsa ga Mai Tambaya Daga Kano

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Agusta, in Allah ya kai mu, zan kai iyalina ziyara wurin ƙanena da ke aiki a Munich. Mu shida ne: ni da maiɗakina, yara uku masu shekara 12 da 8 da 3, sai mahaifiyata wadda gwiwa ke ɗan damunta. 'Yata ta tsakiya ta ga hoton wani farin gidan sarki a kan dutse, mai hasumiyoyi kamar na tatsuniya, ta kafe sai an kai ta. An ce mini sunansa Neuschwanstein. Kwana biyu kacal zan iya warewa. Ya cancanci wahalar? Kuma yaya zan tsara tafiyar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo ku lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Na daɗe ina zaune a kudancin Jamus, kuma duk baƙon da ya sauka wurina daga gida, in dai da yara a tare da shi, ƙarshenta sai mun dangana da wannan gida. Na je shi da bazara, na je shi cikin dusar ƙanƙara, na je shi ranar da hazo ya rufe shi ruf, ko hasumiya ɗaya ba a gani. Ku je, ya cancanta. Sai dai tun daga Kano ka cire wa ranka cewa cikin gidan za ku je gani. Zagayen cikin gidan minti 30 ne ko kusa da haka, jagora na gaba kuna binsa, ayari na gaba yana bayanku. Abin da 'yarka ta gani a hoto daga waje yake: gidan, dutsen da ya ɗauke shi, dajin da ya kewaye shi da tafkunan da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya taso daga Munich da safe don ya koma da yamma, awa huɗu zuwa biyar zai kashe a jirgi da mota saboda wannan rabin awa, ya dawo da yara a galabaice. Tunda kana da kwana biyu, ku kwana a Füssen, garin da ke kusa da gidan. A kan wannan shawarar na ɗora duk sauran abin da zan faɗa maka.

Bari in fara da labarin gidan, domin yara za su tambaye ka, kuma labarin gaskiyar ya fi na tatsuniyar ratsa zuciya. Wanda ya gina shi Ludwig na Biyu ne, sarkin Bavariya, ƙasar da Munich ce babban birninta. An haife shi a 1845, ya hau gadon sarauta a 1864 yana ɗan shekara 18. Shekara biyu da hawansa, a 1866, Bavariya ta mara wa Ostiriya baya a yaƙi da Prusiya, aka ci su. A 1871 kuma ƙasarsa ta shiga ƙarƙashin daular Jamus. Kambun sarauta na kansa, amma iko ya koma Berlin. Sai ya juya wa Munich baya, ya tare a cikin duwatsu ya shiga gine-gine. Ranar 5 ga Satumba 1869 aka aza harsashin wannan gida. Wanda ya fara zana siffarsa ma ba magini ba ne, Christian Jank ne, mai zana bangon dandalin wasan kwaikwayo, daga baya masanin gini Eduard Riedel ya mai da zanen tsarin da magina za su iya bi. Shi ya sa in ka tsaya kana kallonsa sai ka ji kamar an shirya shi ne don ido. Haka ɗin ne. Ba a gina shi don kare gari ba, ba a taɓa yi masa ƙawanya a yaƙi ba. Jan bulo ne a ciki aka lulluɓe da farin dutse. Siffarsa ta zamanin mayaƙan dawaki masu sulke ce, amma a cikinsa akwai ruwan famfo, da bayan gida mai kora da ruwa, da bututun da ke kai iska mai ɗumi ɗakuna, da ƙararrawar lantarki ta kiran hadimai, har da tarho.

Da kuɗin aljihunsa da bashi ya yi aikin, ba da baitulmalin ƙasa ba, kuma gini uku yake ɗauke da su: wannan, da Linderhof, da Herrenchiemsee. Zuwa 1885 bashin ya kai wajen mark miliyan 14, kuɗin Jamus na lokacin. Ministocinsa suka ga ba shi da niyyar tsayawa, suka samo likitoci ƙarƙashin Bernhard von Gudden suka rubuta cewa sarki ya taɓu, alhali ba su duba shi ba. A cikin wannan gidan aka kama shi ranar 12 ga Yuni 1886. Washegari aka tsinci gawarsa da ta likitan a tafkin Starnberg, kuma har yau Bavariyawa na jayayya a kan abin da ya faru a bakin ruwan nan. Duka-duka kwanakin da ya yi a gidan ba su wuce 170 da 'yan kai ba. Ɗakuna sama da 200 aka tsara, kusan 15 aka kammala. Mutum ne mai gudun jama'a, don ya kaɗaita ya gina wurin, amma ranar 1 ga Agusta 1886, mako bakwai da rasuwarsa, aka buɗe ƙofa ga masu biyan kuɗin kallo. A shekarun da aka fi cika mutum wajen miliyan 1.4 ke shiga a shekara, ranar bazara ɗaya takan kai 6,000. A 2025 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran gidajen sarkin. Duk lokacin da na shiga ɗakin kwanansa cikin turmutsitsin mutane sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Ka gaya wa 'yarka tun a jirgi cewa gimbiya ba ta taɓa zama a gidan ba. Ludwig bai yi aure ba, baikon da aka yi masa a 1867 ma ya warware. Abin da ya haɗa gidan da gimbiyoyi shi ne fadar da aka gina a Disneyland ta Amurka a 1955, wadda aka kwaikwayo siffarta daga nan. Na ga yarinya ta fito tana ƙunci don ta yi ta neman ɗakin gimbiya ba ta gani ba. In an shirya mata zuciya, sai ta sa ido a kan abin da ke akwai. Ka ba ta aikin ƙirga tsuntsu: sunan gidan yana nufin "sabon dutsen Schwan", shi kuwa Schwan farin tsuntsun ruwa ne mai dogon wuya, ya ɗara dinya girma. Yana ko'ina a gidan, a bango, a labule, a marikin ƙofa, har bakin famfon wanke fuska na ɗakin sarki siffarsa ce.

Yanzu maganar tikiti, wadda ita ce ke ɓata wa mutane tafiya. Ba a shiga sai cikin ayari, kuma kowane tikiti da lambar ayarinsa da mintin shigarsa. Agusta hutun makarantun Bavariya ne, ga baƙi daga ko'ina a duniya. Ka sa ƙanenka ya saya ta intanet a shafin hukuma na sayar da tikitin Hohenschwangau, ƙauyen da ke gindin gidan, makonni kafin ku iso. Akwai ofishin tikiti a ƙauyen da ke sayar da na ranar, amma yakan ƙare tun da hantsi, kuma mai iyali shida bai kamata ya dogara da sa'a ba. Kuɗin babba wajen Yuro 20 ne, yana ɗan sauyawa shekara-shekara. Yara 'yan ƙasa da 18 ba sa biyan kuɗin shiga, amma dole kowane ɗaya ya sami tikitinsa, har ɗan shekara ukun, kuma akwai 'yan kuɗin ajiye gurbi a kan kowane tikiti. Ka zaɓi ayarin Turanci, ko na na'urar saurare, wadda ke da harsuna da yawa har da Larabci da Faransanci.

Mintin nan da ke kan tikiti ba wasa ba ne. Wata shekara na kai wani aminina da iyalinsa, muka tsaya ɗaukar hoto a gada, ana cewa saura ɗaya, saura ɗaya. Muka gangaro da gudu, muka iso farfajiya lambar ayarinmu ta riga ta sauka daga allo. Ya ɗora tikitinsa a na'ura, ƙarfen ƙofa ya ƙi juyawa. Ba wanda ya yi mana rashin mutunci, ƙa'idar ce haka: wanda ya makara tikitinsa ya mutu, ba a mayar da kuɗi. Yaronsa ya zauna a kan dakali ya kifa kai a gwiwa, mu manya muka rasa abin cewa. Tun daga ranar nake shiga farfajiya saura minti 15.

Ga yadda zan tsara muku. Rana ta farko ku hau jirgin ƙasa daga babbar tashar Munich zuwa Füssen, tafiyar awa biyu ce ko sama kaɗan, wani jirgin kai tsaye, wani sai an sauya a hanya. Ku sayi Bayern-Ticket, tikitin yini guda ne da ke ɗaukar mutum har biyar a jiragen yanki da motocin bas na Bavariya. Yara 'yan ƙasa da shekara 6 kyauta suke hawa, 'yan 6 zuwa 14 ma har uku sukan bi ba tare da ƙarin kuɗi ba. A ranakun aiki ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe, Asabar da Lahadi kuwa tun asuba. Wannan ƙarfe taran shi ne dalilin da ya sa masu zuwa su koma a yini ɗaya duk suke isowa tare da tsakar rana, lokacin da ba masaka tsinke. Ku ajiye kaya a masauki, ku tambaye su katin baƙi da ake ba masu kwana a garin, yana sauƙaƙa kuɗin bas. Daga gaban tashar Füssen bas mai lamba 73 ko 78 zai kai ku ƙauyen Hohenschwangau cikin kamar minti 10.

Yammacin ranar ku ba wa ɗaya gidan, mai ruwan ɗorawa, wanda ke fuskantar farin. Sunansa Hohenschwangau kamar ƙauyen, mahaifin Ludwig, Maximilian na Biyu, ya sayi kangonsa a 1832 ya sake gina shi. A nan Ludwig ya yi hutun ƙuruciyarsa, yana kwana yana tashi cikin zanen tsofaffin labaran jarumai da ke bangon ɗakunan, kuma daga nan ya riƙa leƙen aikin sabon gidansa da madubin hangen nesa. Ni a wurina wannan gidan ya fi ɗaya daɗin shiga, domin gida ne da mutane suka zauna a ciki, suka ci abinci, suka yi renon 'ya'ya. Wanda ya fara ganinsa zai gane inda farin gidan ya samo asali. Tikitinsa daban ne, shi ma da lokacinsa, kuma a nan yara na biyan wani abu. In kun fito ku gangara bakin tafkin Alpsee. Ruwansa garau, ana ba da hayar ƙananan jiragen ruwa da bazara, kuma sau da yawa za ku tarar da tsuntsayen Schwan ɗin nan a bakin gaɓa. Kada a bar ƙaramin ya matse su, suna sara.

Rana ta biyu da sanyin safiya ake kama fara. Ka nemi tikitin wajen ƙarfe 10, ku kasance a ƙauyen tun 8 da 'yan mintuna. Hanyar hawa uku ce. Da ƙafa minti 30 zuwa 40 a kan kwalta mai tudu, da yara ka ƙara. Akwai bas da ke hawa ya sauke ku kusa da gadar Marienbrücke, daga nan ku gangara minti 10 zuwa 15 zuwa ƙofar gidan, gangaren kuwa da ɗan tsauri. Akwai keken doki, wanda ke tsayawa ƙasa da gidan, a ƙarasa sauran tudun da ƙafa. Kuɗin bas da na doki ba sa cikin tikiti, ka riƙe tsabar kuɗi a hannu, kuma dukansu layi ake bi, ba su san da lokacin tikitinka ba. Ku hau bas, ku fara da gada.

Daga gadar nan ake ɗaukar irin hoton da 'yarka ta gani. An sa mata sunan Sarauniya Marie, mahaifiyar Ludwig, ƙarfenta na 1866 ne, tana rataye wajen mita 90 a saman kwazazzabon Pöllat. Daɓenta katako ne, kana jin yana ɗan motsi a ƙarƙashin ƙafa in mutane sun yi yawa, ƙarar ruwan da ke zuba tana tasowa daga ƙasa. Sai ka ɗaga kai, ga gidan nan gaba ɗayansa, fari tas, filayen kore da tafkin Forggensee shimfiɗe a bayansa. Gani ya kori ji. Na lura yara kan yi shiru na ɗan lokaci a wurin kafin su fara surutu. Da safe za ku tsaya yadda kuke so, da rana kuwa sai an bi dogon layi kafin a taka gadar. Ka saɓa ƙaramin a ƙirjinka, kada ka ɗora shi a kan ƙarfen gefe don hoto. A tsallaken gada akwai 'yar hanya da ke hawa dutse, matasa na bi don neman hoto mafi kyau. Da yara kada ku bi ta.

Maganar Hajiya ita ce na fi so ka yi wa tunani. Cikin gidan akwai matakala sama da 300 in an haɗa hawa da sauka, wasu a cikin hasumiya mai murɗewa, kuma ayari ba ya jira. Ka auna da abin da ka sani: in Hajiya ba za ta iya hawa Dutsen Dala ta sauko ba tare da ta kwana tana jin jiki ba, kada ka sa ta. Akwai lif na masu lalurar tafiya, amma sai an nemi gurbi tun kafin ranar, kuma guraben kaɗan ne, don haka ƙanenka ya tuntuɓe su tun lokacin sayen tikiti. In bai samu ba, ba ta yi asarar komai mai yawa ba. Daga inda bas ke saukewa zuwa gada tafiya ce gajera mai ɗan tudu, a hankali za ta kai, ta ga abin da ya fi kyau, sannan ta koma ƙasa a bas. A bakin Alpsee akwai kujeru da inuwa da gidan tarihin sarakunan Bavariya, ana kuma hango farin gidan daga cikin ƙauyen. Kada dai a bar ta ita kaɗai. In ƙanenka zai biyo ku, ya zauna da ita. In ba haka ba, kai da maiɗakinka ɗaya ya shiga da manyan yaran, ɗaya ya tsaya da Hajiya da auta. Gaskiya ɗan shekara uku ba abin da zai ƙaru da shi a ciki, ga shi ba a shiga da keken jarirai ko babbar jakar goyo, a hannu za a ɗauke shi duk matakalan nan.

A ciki ba a ɗaukar hoto, ka gaya wa babban yaron tun a waje. Abubuwa uku nake so su buɗe ido su gani. Zauren gadon sarauta, mai ginshiƙai da ruwan zinare da katafariyar fitila mai siffar kambu, daɓensa an jera ƙananan duwatsu aka fitar da dabbobi da itatuwa. A saman matakalar farin dutse akwai wurin da aka tanada don gadon sarautar, wayam, domin sarki ya rasu ba a ƙera shi ba. Sai ɗakin kwana, inda sassaƙar katakon saman gadon ta yi tsiri-tsiri kamar ƙaramin gari. Sai kogon da aka ƙera da hannu a tsakanin falo da ɗakin karatu, a hawa na sama, mutum na fita daga ɗaki mai labule sai ya tsinci kansa cikin kogon dutse. Nan ne yara ke buɗe baki. Zane-zanen bangon na tsofaffin labaran Jamusawa ne irin su Lohengrin da Tannhäuser da Parsifal, waɗanda mawaƙi Richard Wagner ya gina ayyukansa a kansu. Sarkin ya ƙaunaci kiɗansa ƙwarai, shi kuwa Wagner ya mutu a 1883 bai taɓa taka gidan ba. Ka sani kuma, a matsayinka na uba, zauren gadon sarauta cike yake da zanen addinin Kirista, kamar coci, sannan a ɗakin karatu akwai zanen da tufafin mutanen ciki bai wadata ba. Wucewa ake yi, amma gara ka sani kafin ka shiga. Bayan an sallame ku kada ku yi saurin fita. Akwai baranda da ke kallon Alpsee da gidan mai ruwan ɗorawa, a nan an yarda a ɗauki hoto, kuma hanyar fita ta bi ta tsohon kicin ɗin gidan da tukwanen tagullarsa.

Abinci sai da lura, domin naman alade ya yi yawa a girkin Bavariya. Ku haddace kalmomi huɗu ku guje su: Schwein, Schinken, Speck, da kowace irin Wurst in ba a tabbatar muku da namanta ba. Kada ku rikita Schwein da Schwan, na farko alade, na biyu tsuntsun sarki. Abin da nake saya wa baƙina shi ne Käsespätzle, taliyar yankin ce da cuku da soyayyar albasa, sai dai ka ce kada a sa Speck. Akwai kifin Forelle, akwai soyayyen dankali, akwai burodin Brezel da yara ke so. Kafin ku bar Munich, titunan da ke kudu da babbar tasha cike suke da shagunan Turkawa da Larabawa masu naman halal, ku yi guzuri a can. Abincin ƙauyen Hohenschwangau da tsada, Füssen ta fi sauƙi. Kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, haka ma 15 ga Agusta hutu ne a wannan yankin. Ruwan famfo ana sha, ku riƙe gora. Ku riƙe 'yan silalla kuma, yawancin bayan gida na biya ne.

Salla kuwa ku matafiya ne, kuna da rangwamen ƙasaru. Babu masallaci a kan dutsen, sai ku yi alwala tun daga masauki, ku ɗauki 'yar darduma mara nauyi. Alƙibla kudu maso gabas take. Ni nakan ɗan bi hanyar gefen Alpsee in wuce inda jama'a suka taru, in shimfiɗa a ƙarƙashin itace. A Agusta rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 na dare, don haka azahar da la'asar suna da fili sosai.

Füssen tana kan tudu wajen mita 800, gidan ya fi haka, saboda haka ko a Agusta safiya da sanyi, kuma hadari kan haɗu da yamma ba sallama. Kowa ya ɗauki rigar sanyi mara nauyi da rigar ruwa, takalmi kuma mai rufi, ban da silifa. In kun sauko da azahar sama na garau, bas zai kai ku gindin dutsen Tegelberg cikin 'yan mintuna, akwai keken sulu da ake gangarowa da shi a kan doguwar hanyar ƙarfe, ɗan shekara 12 ɗin nan zai fi tuna shi a kan zauren zinare. Ba ya aiki in an yi ruwa. In ruwan ya sauko, ku koma Füssen ku zaga tsohon garin, ku shiga farfajiyar Hohes Schloss ku sa yara su bambance tagogin gaske da waɗanda aka zana da fenti a jikin bango, sannan ku ɗauki kayanku. Bayern-Ticket na jiya ya ƙare, sai ka sayi sabo na komawa. Ku nemi jirgin wajen ƙarfe 4 ko 5, ku isa tasha da wuri, domin jiragen yamma kan cika maƙil da masu komawa Munich, ga shi Hajiya na bukatar kujera.